Musun Teloli a Fagge

An ɗauke wuta da la'asar sakaliya,
Kekunan Fagge suka yi tsit baki ɗaya,
Kowa ya ture ɗinki ya miƙe baya,
Ga zafi, ga mafici, ga benci a tsakiya,
Sai Barau ya tono zancen jita.

Ya ce, "Ku bar batun kowa, Sale Bahago,
Shi ya gama da ita, saura 'yan kallo.
A Sabon Gari na gan shi ina yaro,
Ta ramin katanga na leƙa a tsorace,
Yatsunsa sun fi allurar kekena sauri,
Ido bai bin su, balle baki ya kwatanta."

Tanimu mai surfani ya ɗago kai,
Zare a baki, ya ce, "Sauri kawai?
Ɗan sahu ma ya iya gudu, sai dai
A gadon asibiti yakan sauke ka.
Ni Mamman na Damagaram na sani,
Tsirkiya guda zai taɓa, ya dakata,
Ka tuna da mutanen da ka manta."

Nazifi, yaron shago, ya zaro waya:
"Ku duka kuna maganar 'yan unguwa.
Ga wani can a bayan teku, ku duba,
Da haƙori yake kaɗa ta, ta baya ma,
Mutum miliyan tara sun kalle ta."

"Da haƙori?" in ji Barau. "Yunwa yake ji?
Kai, ƙuda ma taruwa yake a juji,
Bai tambayar me aka zubar."
Aka kwashe da dariya har da tafi,
Nazifi ya mai da waya aljihu,
Ya ce tsofaffi ba sa son a bambanta.

Ni dai ina gefe ina ƙulla maɓalli.
Musu ya yi tsami, an fara rantsuwa,
Barau ya sa almakashinsa a caca,
Tanimu ya ce ko kyauta bai karɓa.
Wata ta zo karɓar ɗinkin biki,
Ta tsaya, ta yi tsaki, ta fita.

Baba Inuwa mai guga bai tanka ba.
Yana hura gawayi a dutsen gugarsa,
Sai da ya yi ja ya ce, "Akwai wani Buzu,
Mai gadi ne a bakin Kantin Kwari.
Tsirkiya huɗu ce ta rage a tasa,
Ɗaya ma wayar birkin keke ce,
Da ƙusa yake ɗaure ta ya saita.

"Ranar da muka kai Ladidi makwanci,
'Yata ta fari, ban yi hawaye ba.
Dare ya yi na kasa shiga gida,
Na yi ta tafiya har na gan ni gabansa.
Bai tambaye ni ba. Ya zuba min shayi,
Ya jawo ta ya ɗora bisa cinya,
A hankali, kamar mai lallashin jinjiri.
Kukan da ya ƙi zuwa a maƙabarta
Nan ya same ni, har aka kira assalatu,
Sannan na tashi na je na kwanta."

Shiru. Nazifi ya ce, "Yana da kaset?"
"Babu." "To sunansa?" "Ban tambaya ba."
"To yaya za mu sa shi a lissafi?"
Baba ya shimfiɗa riga bisa tebur:
"Kar ku sa shi. Ba ya buƙata."

Sai yara a lungu suka ɗau ihu,
Fanka ta motsa, an kawo wuta.
Kowa ya koma kan kekensa,
Barau na zura zare yana gunaguni:
"Amma dai Sale..." Ba wanda ya amsa.
Baba ya daɗe kan hannun riga guda,
Ya goge, ya sake, ya kuma maimaita.