Ashirin da Biyu

Asabar da la'asar nakan buɗe adaka,
ta ƙarfe ce, shuɗiya, mai karyayyen kunne,
ta aurena ce, yanzu ta koma ta yara.
Majami'a shiru. Ƙadangare a kan katanga
yana gyaɗa kai kamar ya san lissafin.

Alli guntu bakwai. In ya ƙare, akwai gawayi.
Takardar buhun siminti, na kakkaɓe, na ninke,
Barmu magini ke aje mini ita a Zariya.
A bayanta muka zana Kogin Urdun,
ya fito kamar Gulbi a tsakiyar damina,
yaran suka ce ai sun san wurin,
wani ya ƙara masa gonar tumatir.

Ƙyallayen tela Ishaya, ragowar ɗinkin Kirsimeti,
da su muka harhaɗa rigar Yusufu.
Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo,
amma kowace Lahadi sai na raba faɗa
a kan wanda zai sa ta,
sai in ce: kun ga yadda abin ya faro ke nan.

Gwangwani da tsakuwa, kiɗanmu ke nan.
Ɓawon gyaɗa cikin tasar ruwa, jiragen Galili:
Kefas ya hura, hadari ya taso,
na ce ya yi shiru, teku ya kwanta.

Wani baƙo ya zo daga Yamai da littafi mai sheƙi,
ya ce a sayi majigi da kujeru masu launi.
Na ce to.
Baikon yara ranar dala arba'in ne
da alewa guda wadda an riga an lasa.

Randa da moɗa biyu,
don yaro mai ƙishi ba ya jin labarin Musa da dutse.
Tabarma uku. Iya Damaris a bakin ƙofa,
ba ta karatu, amma ta haddace kowace fuska da uwarta;
wanda ya kawo yaro shi ke tafiya da shi,
kuma babba ɗaya ba ya zama da su shi kaɗai.

Can ƙasa, cikin kwanon sha, tumakinmu,
auduga da tsinken ashana.
Ba ɗari ba ne, ashirin da uku,
kowane yaro da tasa.
Na ƙirga. Ashirin da biyu.
Na zazzage adaka, na sake ƙirgawa.

Sai na buɗe littafin suna.
Yokabed: gurbi uku fari fat,
mako uku, ban ankara ba,
ni da na koyar da ɓatacciyar tunkiya
har da canza murya.

Kabu-kabu ya sauke ni Bagalam rana ta kusa faɗuwa.
Tana kwance, zazzaɓi ya sake ta, ya bar mata ƙashi.
Kusa da kanta, ga tunkiyar,
ta yi dauɗa, ƙafa ɗaya ta karye.
Wanta Silas ya maƙale a bayan kishi.
Ya ce, Malama, ba sata na yi ba.
Ke kika ce makiyayi ke bin ta.
Na jira, ba ki zo ba.

Shekararsa takwas.
Uwarsu ta miƙo mini ruwa, na kasa haɗiya.

A hanyar gida na tsaya wurin mai tebur,
ashana ta dala biyar, don ƙafar tunkiya,
da jan biro guda.
Yanzu littafin suna ne a saman adaka,
shi nake fara buɗewa,
kafin alli, kafin riga,
kafin in ce wa kowa ya yi shiru.