Masaukin Ruwa

Ni ne mai jan bakin tef.
Ba ni da tebur a sakatariya, ba ni da hatimi,
sai guduma da turakun siminti.
Shekara sha tara ina auna ƙasar Katsina,
ban taɓa auna taki ɗaya da sunana ba,
ina haya a bayan kasuwa.

A tsohuwar taswira, wadda gara ta ci gefenta,
akwai shuɗin tabo a bayan Ƙofar Marusa
kamar an ɗiga shuni a farar riga.
Kududdufi ne. Agwagin unguwa sun san shi,
da durumin da ke ba masu wanki inuwa.

Kwamiti ya zauna wata Laraba.
Aka sha lemo, aka kawo sabuwar takarda,
shuɗin ya ɓace.
A gurbinsa gidan dara: fuloti goma sha huɗu,
kowace lamba da mai ita
tun tawada ba ta sha iska ba.
An ce jama'a na son matsuguni.
Gaskiya ne. Wa zai hana gari yaɗuwa?

Ranar da na je kafa turaku
Sada magini ya taso daga dakalinsa.
Ya ce, "Yaro, ka san mi kake binnewa?
Duk katangar da ka gani, daga ramin nan ta hito.
Mun ɗebi ƙasa, mun bar ma ruwa masauki.
Duk shekara yana zuwa, ya kwana ukku, ya wuce."
Na ce, "Baba, ni ɗan aike ne."
Ya ce, "Shi ma ɗan aike ne, in ka ji tsawa."

Tifa ta yi wata biyu tana juye shara.
Bulo ya hau bulo, aka sa ƙofofin ƙarfe.
Kwalbatin da ke cikin takarda
ya yi zamansa cikin takarda,
kuɗinsa sun yi tafiyar da ba dawowa.

Sai wani dare a tsakiyar Agusta
baƙo ya iso, ya tarar an ba da ɗakinsa.
Bai yi faɗa ba. Ya bi lungu yana tambaya.
Sababbin gidaje sun ɗaga dakali, suka ce a yi gaba.
Ya gangara wurin waɗanda suka san shi:
ya shiga ɗakin Iya Tambai, ya ɗaga tabarma,
ya ɗauki buhun gero da 'yar akuya,
ya jingina da katangar Sada har ta zauna,
ƙasa ta koma inda aka ɗebo ta,
ba sallama, ba gaisuwa.

Da safe aka ba ni gwangwanin jan fenti,
in yi alama a gidajen da suka tare hanyar ruwa.
Na duba jerin. Babu ko ɗaya cikin sha huɗun.
Tambai ce ta uku. Sada na biyar,
shi da ba shi da sauran bangon shafawa.

Na tsaya a ƙofar Iya, buroshi na ɗiga a takalmina.
Tana shanya zannuwa, ba ta dube ni ba.
A bangonta, daidai ƙirjina,
ga layi ɗaya miƙaƙƙe, ruwan ƙasa,
daga wannan kusurwa har waccan.
Tunda nake jan tef
ban taɓa fitar da layi mai kyansa ba.
Wanda ya ja shi bai jira sa hannun ciyaman ba,
ya auna unguwar duka a dare ɗaya,
ya rubuta iyakarsa a idon kowa.

Na mayar da murfin gwangwani.
Ban san me zan faɗa a ofis ba.
Gabas ta fara haɗa wani hadarin.
Sada na zaune a tudun da jiya ɗakinsa ne,
yana murza jiƙaƙƙiyar ƙasa a tafin hannu
kamar mai lissafin tubali nawa za ta yi,
da inda za a bar wa ruwa.