Kilo Goma Sha Huɗu

A Farin Gada na auna jakar
bisa sikelin mai tumatir:
kilo goma sha huɗu.
Ya ce, Malam Ɗanlami, ina zuwa da wannan kaya?
Na nuna masa Duwatsun Shere da haɓa.
Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya koma kan kwandonsa.

Shekara talatin ina taka keken ɗinki a Taminus.
Ƙafar nan ta yi tafiyar da ta isa Makka da dawowa
ba ta taɓa fita daga ƙarƙashin tebur ba.

Daga Lamingo muka ɗaga, ni da Itse,
yaron da ya san kowane dutse
da sunan da kakarsa ke kiransa.
Ya ce hanyar doguwa ce,
tana bin gadon bayan tudu
har inda gaisuwa ke sauya harshe sau uku.
Mu yanki ɗaya za mu ɗiba.
Na ce, ai ba a cinye bandir a riga ɗaya.

Ranar farko igiya ta ci kafaɗata.
Tun ina zagin wanda ya ɗinka ta
har na koma zagin wanda ya cika ta:
rediyo, gwangwanin madara huɗu,
takalmin Juma'a, wai ko za a sadu da mutane.
Muka ratsa shingen ƙerana,
muka bi gefen gonar acca da iska ke shafa wa kai.
Wata agwada bisa falalen dutse
ta tsaya tana kallon yadda nake haki,
ko gudu ba ta ga na cancanta ba.

Rana ta biyu, bayan azahar,
sama ta yi baƙi daga gabas
ta sako ƙanƙara kamar ana watsa tsakuwa.
Muka kutsa ƙarƙashin wani dutse
da ya jingina da ɗan'uwansa tun kafin a haifi kowa.
Nan igiyar ta tsinke.
Itse ya riƙe kai.
Ni kuwa na zaro allura daga bakin hulata,
abu ɗaya cikin kayana da sikeli bai san da shi ba,
na ɗinke ta, yatsuna na rawar sanyi,
ɗinki biyu, da ƙulli a ƙarshe.

Wata tsohuwa a ƙauyen da ban riƙe sunansa ba
ta zuba mana gwate mai zafi a kwanon silba.
Ta ce, wa ya aike ku?
Na ce, babu.
Ta yi dariya har da tari.
Na bar mata madarar da rediyon.

Da dare, a kan tudu, Itse ya nuna mini gabas
sannan ya matsa gefe ya yi tasa addu'ar.
Can ƙasa Jos ta kunna fitilunta.
Na nemi unguwarmu, na nemi tasu,
na nemi titin da ba ma tsallakawa bayan magariba.
Ban gane ko ɗaya ba.
Wuta ce kawai, zube, kamar garwashin murhu ɗaya.

Rana ta uku muka iso tulin duwatsu
inda yankinmu ya ƙare.
Hanyar ba ta ko waiwaye mu ba,
ta gangara, ta haye, ta shige hazo abinta.
Na ɗora dutse ɗaya a kan tulin.
Na cire takalmi na ƙirga bororo: biyar.

A bayan motar dankali muka dawo gari.
Mai tumatir ya sake ɗora jakar:
kilo tara.
Ya ce, ina sauran?
Na ce, suna can sama.

Yanzu in na taka keke,
ƙafar dama takan tsaya ita kaɗai a tsakiyar ɗinki,
sai na ɗaga kai ta ƙofar shago
in ga ko hadari ya sauka a kan Shere.