Kaset ɗin Gariba

A Aboabo, bayan famfon layinmu,
akwai wani ɗaki mai labulen buhu,
benci shida, fanka ɗaya mai tari.
Nan Gariba yake nuna bidiyo.
Sidi ɗari biyu na tsohon kuɗi,
wanda ba shi da su ya leƙa ta hujin kwano.

Wani ɗan jirgin ruwa ya zo da shi daga Takoradi,
baƙin kaset, ba suna, ba hoto a bayansa.
Gariba ya hura shi, ya tura cikin inji,
ya ce, "Yau ba Indiya, ba Canis,
yau jinin da za ku gani na gaske ne."

Keji muka gani, irin na kaji,
sai dai maza aka rufe a ciki.
Ba safar hannu, ba awon nauyi,
ba ƙararrawar hutu, ba mai rabo.
Ɗan dambe da ɗan kokawa, mai shuri da mai maƙura,
kowa ya zo da abin da gidansu ya koya masa.

Ga wani ƙato kamar buhun masara uku,
ga wani siriri kamar ya kwana bai ci ba.
Mumuni ya sa agogonsa a kan ƙaton,
Kwadwo makanike ya sa kuɗin wake.
Sirirn ya laɓe, ya kama ƙafa,
ya nannaɗe shi kamar mesa,
sai ga ƙato yana dukan ƙasa da tafi.
Ɗakin ya yi tsit.
Fanka ma ta daina tari.

Washegari muka gwada a filin makaranta.
Na murɗe hannun Mumuni, na ji ƙas!
Mai ɗori ya yi wata guda yana zaginmu,
Inna Azumi ta hana ni shinkafa da wake kwana uku.
Har yau idan hadari ya haɗu a Kumasi
kafaɗar Mumuni ce ke fara sanarwa.

Yanzu ɗana Isaka yana kallo a waya.
Ya san nauyin kowa, ya san tsawon hannunsa,
ya san alƙalai uku da makin da suka ba da.
Ya ce, "Baba, naku na da hauka ne,
ɗan koyon yau zai tashi da gwaninku."
Na ce, "Yaro, ka ga wuta a hoto,
mu mun ji zafinta."
Muka yi ta musu har ataya ta huce.

Bara Gariba ya rasu.
Matarsa ta miƙo mini leda, ta ce, "Naka ne."
Na zaga Kejetiya, na zaga Alabar,
kafin na sami injin a wurin wani tsohon mai gyara.
Ya goge fumfuna da auduga da fetur,
na kira Mumuni, na kira Isaka.

Hoton na rawa, kamar ana yayyafi.
Ƙaton bai kai girman da na sani ba.
Naushinsa na iska ne, ga haki tun da wuri.
Faɗan da nake ba da labari shekara talatin,
wanda a bakina yake kai rabin dare,
minti biyu ne ba kaɗan.

Isaka bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka.
Mumuni ya shafa kafaɗa ya ce, "Mayar baya."
Aka mayar. Ni ban kalli kejin ba,
kunne na kasa ko zan ji tarin fanka,
da Kwadwo yana rantsuwa da Asantanci,
da Gariba a bakin labule
yana ƙirga sulalla cikin gwangwanin madara,
yana cewa, "Ku matsa, akwai wurin mutum ɗaya."