Mai Wankin Jesi

Ran Litinin aka sallami Koci Jatau.
Ba a ofis ba, ta waya,
yana tsugune bakin fili yana ɗaure igiyar takalmi.
Ya ce to. Ya ce na gode. Ya ƙarasa ɗaurin.
Ni ina bayan ɗakin canza kaya
da bokiti biyu da jesi ashirin da uku,
kumfa har gwiwar hannu.

Wasa tara, nasara ɗaya tal,
ita ma ruwan sama ne ya taya mu.
Wannan lissafin kowa ya haddace shi.
Ba wanda ya ƙirga watannin da yara ba su ga albashi ba,
ko daren da motarmu ta mutu a hanyar Kaciya,
muka isa da hantsi, muka buga da la'asar,
cikin kowa burodi da ruwan leda.

Itace in zai faɗi, da rassansa yake tafiya.
Talata aka kira Zakka, mai horar da masu tsaron raga.
Laraba sai Mamuda mataimaki,
wanda ko kujerarsa bai gama ɗumamawa ba.
Mai tausa dai ya tsira.
Ƙanen matar ciyaman ne, hannunsa akwai albarka.

Yanzu a teburin mai shayi a Kawo
an riga an naɗa mutum uku kafin ruwa ya tafasa.
Wani ya rantse Bature ne, an gan shi da jaka a filin jirgi.
Wani ya ce Namadi Ɗantani,
da ya taɓa tsamo wani kulob daga cikin 'yan dagaji,
sai dai ba ya taka fili sai ya ji kuɗin wata shida a aljihu.
'Yan Kakuri na son Ishaya, tsohon lamba biyar ɗinmu,
da gwiwarsa ta ƙare a wannan ciyawar.
'Yan Tudun Wada ma shi suke so,
suna jin nauyin faɗa ne kawai.
Kogi ya raba garin nan biyu,
amma ran Asabar wuri ɗaya muke zagin alƙalin wasa.

Ni ba a tambaye ni ba.
Koci goma sha ɗaya na wanke wa riga,
kuma rigar ɗaya ce:
shuɗiya, zif ɗinta na cijewa a tsakiya.
Tela a Kasuwar Barci ya rage ta don siriri,
ya buɗe ta don mai tumbi,
ya sake ragewa, har ya ce kar in ƙara kawo masa.
Kowannensu da sabon zane yake zuwa,
wannan huɗu a baya, wancan uku,
kowa ya ce a ba shi lokaci.
Lokaci kuwa ba a sito yake ba, da na ɗebo musu.

Jiya da magariba Jatau ya dawo kan babur ɗin haya.
Ya miƙo min usur da rigar a ninke,
ya ce, Lawandi, a gaida yara.
Bai shiga ciki ba.

Sai da na tsoma ta a ruwa na ji takarda a aljihu.
Sunaye sha ɗaya, na wasan jibi.
A lamba tara ya soke wanda aka saba,
ya rubuta Sagir,
yaron Rigasa da ke taya ni kwashe ƙwallaye,
shekara guda yana goge benci da wando.

Tawadar ta ɗan zube, amma ana karantawa.
Na shanya ta a kan murfin bokiti, na danne da dutse.
Ban gaya wa yaron ba.
In rigar ta bushe zan goge ta,
in mayar da takardar inda na same ta.
Ko wane ne zai zo,
ai dai zai sa hannu a aljihu.