Mai Gadi a Cikin Akwati

Na iso Kanya a bayan babur ɗin Dantala,
akwatin a cinyata, na rungume shi kamar jinjiri
kada gargadar hanya ta girgiza masa ciki.

Asibitin ɗaki huɗu ne da rumfar kwano.
Tasalla ungozoma ta leƙo ta taga:
"Shi ne mai gadin da aka ce za a kawo?
Ba sanda, ba tocila?"

Na ɗaure shi a bango, sama da inda ɓera ke kaiwa,
na ja masa wuta daga batirin sola,
na mai da shi zaure:
mai shigowa daga duniya ta nan zai bi,
mai fita ma ta nan.

Fitila ja. Ruwan ɗorawa. Na riƙe numfashi.
Koriya.

Na buga lambar gidansa a kwamfuta,
ya nemi suna da kalmar sirri.
Wadda kamfani ya ba shi kowa ya san ta,
makulli ne a ƙarƙashin turmi.
Na sauya. Ban sa sunan ɗana ba.
Abin da na sa, daga ni sai Allah.

Ina yaro kakana kan ɗora ni a rumfa tsakiyar gero,
igiya a hannu, gwangwanaye a jere,
in jan-baki sun taso kamar hayaƙi, in ja.
Yakan ce: ba kowane fiffike ne ɓarawo ba,
balbela ba ta cin zangarniya.

Da la'asar sai ihu daga ɗakin magani.
Mai gadina ya yi kamun farko:
Tasalla ce, tana tura lissafin rigakafi Dutse,
ya rufe mata ƙofa ruf.
"Gaya masa shekarata goma sha tara a nan!"
Na zauna na koya masa: wannan balbela ce.

Dare ya raba, ina kwance a benci, sauro na zagaye,
wayata ta yi ƙara.
Wani, daga ƙasar da ban taɓa jin sunanta ba,
ya ƙwanƙwasa sau ɗari uku da sha ɗaya,
yana laluben ƙofar da sunayen masu ciki ke bayanta.
Ba wanda ya farka.
Koriyar fitilar nan kaɗai, a bango,
ta ja igiya.

Da safe na tarar da Tasalla da tsintsiya,
tana kakkaɓe masa yanar gizo ta gaske.