Layin Kwalli

A asibitin da ke kallon teku a Valparaíso
sun koya min juyi a kan gado kada bayana ya yi gyambo,
sun koya min robar fitsari, da ƙidayar kofunan ruwa,
da yadda zan ja jikina zuwa keke
ba tare da na kira sunan kowa ba.
Wata bakwai.
Babu wanda ya ambaci dare.

Baltasar kuwa ya rikiɗe ya zama mai jinya.
Hannun da ya yi kanta wajen jan igiyar kwale-kwale
yanzu ɗaukata yake kamar tiren ƙwai.
Ya wanke ni, ya shafa min mai a diddige,
ya sumbaci goshina irin sumbar da ake yi wa kaka,
ya koma can bakin katifa
yana numfashin ƙarya na mai barci.
Ni ma ina yi masa nawa.

Fresia ce, mai gashin ƙashi, mai haƙorin azurfa,
ta tura ƙofa wata Laraba ta ce,
"Herminia, ke da mijinki fa?"
Na ce lafiya lau.
Ta ce, "Ba lafiya na tambaye ki ba."
Na yi kuka har hawaye ya jiƙa min cinya,
cinyar da ba ta san an jiƙa ta ba.

Ta ce, ki fara juye mara, ki tara matasan kai.
In kai ya sara, fuska ta ɗau zafi,
ku dakata, ki tashi zaune, wannan ba abin wasa ba ne.
Saura kuwa ba ya cikin littafina,
ku biyu za ku rubuta.

Daren nan na ɗauki kwallina
na ja layi a ƙasan ƙirjina, daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari.
Na ce masa, daga nan zuwa ƙasa
gari ne da ya daina aiko min da wasiƙa.
Daga nan zuwa sama ina nan.
Nemo ni.

Ya ce, "Tsoro nake kada in ƙarasa karya ki."
Na ce, motar da ta ƙwace a gangare ta riga ka.

Ya fara kamar makaho a sabon ɗaki.
Kafaɗa, shiru. Wuya, wani abu ya motsa.
Bayan kunnen hagu,
shekara goma sha tara da aure ba mu san da wurin nan ba,
sai da na damƙi gashinsa.
Shi kansa layin kuma, bakin iyakar,
nan ji ya taru ya yi cunkoso
kamar kifi a inda ruwan sanyi ya haɗu da na ɗumi.

Ana cikin haka ƙafata ta dama ta yi harbinta na ganin dama,
ta yi fatali da kofin shayi.
Muka yi dariya har karen maƙwabta ya amsa.
Rabon da in ji dariyarsa a duhu
tun ina da takalman da ke cinyewa.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya tafi bai dawo ba.
Akwai daren da muke nema mu rasa,
in juya fuska bango ina jin haushin ƙashin bayana,
akwai daren da gado ke jiƙewa mu tashi canza zani.
Amma akwai wanda abin ke tasowa a hankali,
ba daga inda na saba jiransa ba,
ya bi wuya, ya cika kai, ya bar ni ina haki
kamar wadda ta hau tudunmu da ƙafarta.

Da safe ya goya ni, matakala sittin da huɗu zuwa titi.
Mai sayar da burodi ta dube shi ta ce,
"Don Baltasar, akwai baƙi a leɓenka."
Ya kai hannu zai goge.
Na riƙe hannun.